Gobe, Kaka

A wata ƙasa mai ƙanƙara, mutane kan ɗaura dogayen katakai a ƙafa su yi tseren sulɓi. Akwai wata yarinya da ta fi kowa gudu. Kullum kakarta na cewa, "Ke, shafa wa katakan nan kakin zuma su yi santsi." Sai ta ce, "Gobe, Kaka."

Ran nan ta yi nisa ita kaɗai. Ƙanƙara ta manne wa busassun katakan. Sai ga kukan kyarkeci a bayanta. Ta tura, sun ƙi zamewa. Ta tura, sun ƙi. Ta kwance su, ta haye bishiya, tana can har mafarauta suka zo.

A gida kakar ta miƙo kaki ta ce, "Ko sai gobe?"

Nan take yarinyar ta karɓa.