Ba Maganin Ƙiba Ba Ne

Ku matso kusa, yara, ku ji abin da ya sami wata yarinya a Dosso.

'Yar aji biyar ce, siririya, mai kwaɗayin gishiri. Shekarun baya ta yi ta fama da gajiya da jiri. Sai da aka ɗebi jininta da sassafe aka auna, sannan likita ya gano ciwon. A saman kowace ƙoda akwai wata 'yar tsoka mai yin sinadarin kotizol, wanda ke riƙe ƙarfin jiki. Nata ba sa yin isasshe. Shi ya sa take shan ƙwaya kullum, da safe, da rana, da yamma.

Ta rana a makaranta take shan ta, a ɓoye bayan aji.

Wata Litinin ƙawarta Gambi ta kama ta.

"Lallai! Ashe ke ma kin fara?" in ji Gambi. "Irinta yayata ke saye a kasuwa. Maganin ƙiba ne! Yaushe bikin, amarya?"

"Ba shi ba ne," in ji yarinyar.

"Ki riƙa shan biyar-biyar. Har yanzu kamar tsinken tsire kike!"

'Yan mata suka kwashe da dariya.

Da yarinyar ta koma gida ranar, ta kasa zama wuri ɗaya. Ta shiga ɗaki, ta fito. Ta duba madubi, ta ja kumatunta, ta sake dubawa. Washegari ta fara jefa ƙwayoyin a ramin tururuwa.

"Kin sha maganinki, Auta?" in ji innarta.

"Na sha, Inna."

"To me ya hana ki cin kwaɗon zogalen nan? Har gishiri na ƙara miki."

"Na ƙoshi."

Ƙarya take yi. Cikinta ne ke juyawa, ƙafafunta kuma kamar ba nata ba.

Ran Alhamis ta tashi da ɗan zazzaɓi, amma ba ta faɗa wa kowa ba. A aji ta kifa kai a tebur, ta ɗago, ta sake kifawa. Malamarsu, Madam Bibata, ta kira ta gaban allo. Yarinyar ta miƙe, ta yi taku biyu, sai amai. Sai ta zube ƙasa.

Gambi ce ta fara ihu.

Madam Bibata ta ga wani kati rataye a wuyan yarinyar. An rubuta: "Idan ta yi amai ko ta suma, a kai ta asibiti nan take, a yi mata allurar kotizol." Ko takalminta ba ta tsaya gyarawa ba. Ta sungume ta, ta tare mota.

A asibiti aka yi mata allura, aka ɗaura mata ruwa. Wajen la'asar ta buɗe ido. Ga Inna a gefe, idanu sun yi ja.

"Kwana nawa ba ki sha ba?" in ji likita.

"Uku," ta ce a hankali, sannan ta faɗi dalili.

"Don Gambi?" in ji Inna. "Gambin da ko majinarta ba ta iya sharewa ba?"

Likita ya yi murmushi. "Saurara, 'yata. Yayar ƙawarki jikinta yana yin nasa sinadarin, ita kuma tana ƙara wani a kai. Shi ke kumbura mutum, kuma yana cutarwa. Ke kuwa abin da jikinki ya rasa kike mayar masa. Ranar zazzaɓi ma ƙara miki ake yi yadda na rubuta, ba dainawa ba. Da an ƙara jinkiri yau, da labarin ya yi muni."

Sai ga Gambi a bakin ƙofa da ledar lemo, tana sharar hawaye.

"Wallahi wasa nake yi. Ban sani ba."

"Ai ban taɓa gaya miki ba," in ji yarinyar. "Shigo, uwar surutu."

Bayan mako guda ta koma makaranta. Da rana ta yi, ta ɗora ƙwayarta a tebur, a gaban kowa. Gambi ta miƙo mata ruwa, ta juya ta harari ajin.

"Duk mai dariya ya zo ya same ni!"

Yarinyar ta haɗiye ƙwayarta, ta kora da ruwa.

To, yara, ku riƙe wannan. Maganin da likita ya ba ku, ba a daina shi don tsokanar abokai. In an faɗa muku abin da ya dame ku, ku tambayi iyayenku ko likita tukuna.