Kason Wanda Ke Kan Kaɗanya

"Kowa ya kwanta!"

Rana tsaka, tsakanin Yendi da Bimbilla. Iliasu, tsohon ɗan fashi, ya ɗora wa direban lori bindiga a kunne. Razak ya matso da motarsu. Raguna goma sha biyu na Hajiya Munawara, daga Bawku za su Salaga, suka sauya hannu.

Sun karɓe wayarta. Suna ɓacewa ta zaro wata daga ɗankwali, ta kira 'yan sanda.

"Ofisa, hanyar gonakin doya suka bi."

A daji suka tsaya rabo. Suraj, na ukunsu, ya haye kaɗanya, usur a wuya. Aikinsa ke nan: ya hango 'yan sanda, ya busa. Rago ɗaya yake so, matarsa ta haihu, za a yi suna ranar Asabar.

Iliasu ya tsuguna. "Dokata uku. Ba a barin saura. Aiki ɗaya, kaso ɗaya. Wanda bai ƙara komai ba, ba shi da komai. Ni kaɗai da bindiga, nawa zan kora a ƙafa?"

"Biyu," in ji Razak.

"Kai kaɗai da mota?"

"Ko jela."

"Mu biyu, sha biyu. Goman haɗuwarmu ce ta kawo, biyar-biyar. Nawa bakwai, naka biyar."

"Massa, maigida, ni fa?" in ji Suraj daga sama.

"Ka busa?"

"Ba wanda ya zo."

"Da kai sha biyu, ba kai sha biyu. Me ka ƙara?"

"A ba shi igiyar," in ji Razak, yana dariya.

Suraj ya ɗaga kai. Can bayan kunyoyin doya, shuɗiyar motar 'yan sanda tana lallaɓowa, Hajiya a gaba tana nuni. Ya kai usur baki. Ya dubi ragunan. Ya saki usur ɗin, ya shige cikin ganye.

Tau! Tau! Razak ya zabura, harsashi ya same shi a cinya. Iliasu ya rarumi bindiga, rago ya shiga tsakanin ƙafafunsa, sai ƙasa!

Sajan na 'yan sanda ya taka masa baya. "Ku nawa ne?"

Suraj ya ƙara lafewa cikin ganye. Tsohon ɗan fashin ya daɗe yana kallon gindin kaɗanyar.

"Biyu," ya ce. "Na riga na lissafa."

Kotu ta ɗaure Iliasu shekara goma sha biyar. Razak goma, da ɗingishi. Hajiya ta kwashe ragunanta cif. Suraj ya sauko da la'asar, tururuwa ta gama da shi, ya kama hanyar Salaga a ƙafa.