Burtalin da Ya Bi ta Gonar Surukai

Bushira, an sa rana! Wallahi an sa ranar Yaya Juwairiyya, yanzun nan baƙin suka fita. Matso ki ji.

Kin dai san ta, ba ta zama. Ta hau duwatsun Riruwai, ta zaga dam ɗin Tiga a kwalekwale, duk inda ta je sai ta rubuta a jarida. To bana cewa ta yi burtali za ta bi, hanyar shanu, tun daga Doguwa har Kwanar Dangora, a ƙasa, tare da matan Fulani. Tana isa Kafin Maiyaki sai hanya ta ɓace, an yi kunya an shuka masara a kai. Kuma gonar wa? Ta Alhaji Jibrin, mahaifin Mujitaba, wanda zai aure ta.

Ta rubuta. Ba ta kama suna ba, amma kowa ya gane.

Rannan tana tsakar gida tana wanke takalminta, sai ga Fahad, wan Mujitaba, ya faɗo ko sallama babu. Ya yi ƙwallo da bokitin, ya fizge wayarta ya maka da bango.

"Ke 'yar yawon duniya! Ki koma ki ce ƙarya kika yi, ko a fasa auren."

"Yaya Fahad, inda ƙafata ta taka ba zan ce ban taka ba."

Ya ɗauke ta da mari, har leɓenta ya fashe. Inna ta fito tana kuka. "Juwai, ki janye mana. Aurenki fa!"

Yaya ta goge jinin da mayafi. "Inna, shanun nan suna hanya. In ba a buɗe ba, ba mari za a yi ba, gawa za a ɗauka."

Aka fasa maganar aure. Alhaji ya rantse in Mujitaba ya sake taka ƙofarmu bai yafe ba. Yaya ta yi kuka ta rame, amma ko sau ɗaya ba ta zagi kowa ba. Da masara ta kai ƙugu sai ta ɗaura jakarta ta koma, ta biyo garken wani dattijo, Baffa Buba.

Suna isowa gonar, ga Fahad da samari da gorori da adduna. Yaran Baffa Buba su ma suka gyara sanduna. Aka sari wata saniya a gadon baya, ta yi kururuwa, garke ya rikice. Wani yaron Baffa Buba ya faɗi, ana dukansa a ƙasa. Yaya ta kutsa tsakiya ta kifa a kansa.

"Ku dake ni, ni na rubuta!"

Fahad ya ɗaga gora da hannu biyu. Ashe Mujitaba ya ji labari ya taho a babur. Ya yar da babur ɗin ya tare, gorar ta sauka a tsakar kansa. Bushira, wai jini har kan ganyen masara.

Yaya ta tallafe shi, ta ɗaure masa kai da mayafinta. Ya buɗe ido da ƙyar ya ce, "Kin samu abin rubutawa ko?"

"Rufe min baki," ta ce, tana kuka.

A haka Alhaji Jibrin ya iso. Ya dubi Mujitaba, ya dubi Fahad da gorar a hannu. Ya karɓi adda ya shiga saran masararsa da kansa, har hanya ta fito. Ya juyo ya ce, "Buba, wuce da dabbobinka. Ka yafe mini."

Shi ne yau ya zo da kansa, Mujitaba na bayansa da bandeji kamar rawani. Ya ce wa Yaya, "'Yata, da na ji maganarki da ba a zubar da jinin ɗana ba." Fahad ma ya durƙusa ya ba ta haƙuri. Ita kuwa ta ce sharaɗinta ɗaya, ba za ta daina tafiya ba. Mujitaba ya ce ai shi ne mai riƙe jaka.

Kin gani, gaskiya da haƙuri ba sa tozarta mai su, ko da dangi duka sun juya baya.

Amma don Allah, Bushira, kar ki gaya wa kowa tukuna. Ko ƙawarmu Ramla. Inna ta ce sai an raba goro, in ta ji a bakin 'yan ajinmu na shiga uku.