Littafin Da Ke Ƙarƙashin Katifa

Ka taɓa ɓoye abin da ka sani don kada wani ya wuce ka? To, saurari abin da ya sami wata yarinya 'yar aji shida.

Littafin kimiyya ɗaya tak ne a kabad ɗin ajinsu. Ana saura kwana uku gwaji, ta faki ido ta sa shi a jaka. A gida ta tura shi ƙarƙashin katifa. Burinta ta zo ta ɗaya.

'Yan aji suka nemi littafi sama ko ƙasa, suka rasa. Da aka yi gwaji, kusan kowa ya faɗi. Ita ma ba ta tsira ba, don hadda ta yi, da aka juya tambaya sai ta rikice.

Malama ta ce, "Za a sake gwaji mako mai zuwa. Duk wanda ya faɗi, zai maimaita aji."

Ƙawarta da suke zama benci ɗaya ta kifa kai tana kuka.

Ranar hutu, yayarta ɗalibar jami'a tana gyaran gado, sai ga littafi.

"Auta, wannan fa? Ga hatimin makarantarku a jiki."

"Aro na yi, Yaya."

"Aro a ƙarƙashin katifa? Sa takalminki, ki raka ni."

Suka shiga wani ɗakin karatu a jami'a. Ɗalibai huɗu suna jiran Yaya. Littafi ɗaya ne a gabansu, bangonsa duk ya tsufa. Sun raba shi babi-babi. Kowa yakan karanta nasa, ya fito gaban allo ya koya wa saura.

Wani dogo da suke kira Farfesa ya yi kuskure. Wata mai tabarau ta ce, "Haba Farfesa, yau ka ba mu kunya!" Aka yi dariya, aka gyara masa, ya yi godiya.

Auta ta yi raɗa, "Yaya, ba kya tsoron su wuce ki?"

"Babi ɗaya na kawo, da biyar zan koma. Ke kuma kin hana yara talatin haƙƙinsu. Wannan ba wayo ba ne, zalunci ne."



Da aka koma makaranta, Auta ta miƙa wa Malama littafin a gaban kowa. "Ni na ɓoye shi. Ku yafe mini."

Malama ta ce, "Kin yi laifi, amma kin faɗi gaskiya. Hukuncinki, ke za ki fara koyar da babi na ɗaya."

'Yan aji suka raba sauran babobin a tsakaninsu. Wajen yi wa wasu bayani ne Auta ta gane abin da ta haddace. Ƙawarta ma ta gyara mata kuskure biyu.

Aka sake gwaji. Ba wanda ya maimaita aji. Ƙawar ce ta zo ta ɗaya, Auta ta uku, kuma tafin da Auta ta yi wa ƙawar tata ya fi na kowa ƙarfi.

Ilimi ba ya raguwa don an raba shi. Gobe in ka shiga aji, nemi wanda bai gane darasi ba, ka matsa kusa da shi, ka buɗe masa littafinka.