Gajiyar Nasiba

"Nasiba, ki dube ni. Har yanzu kina so na?"

Da ƙyar ta ɗaga kai. Gazali ne tsugune gabanta a gindin gawon rugarsu. Da rana tsaka ya rufe shagonsa na gyaran babur a Urafan, ya taho don wannan tambayar kaɗai. Ta so ta ce e, amma da ta laluba zuciyarta ba ta sami komai ba, sai wani nauyi.

"Ban sani ba, Gazali..."

Ya tada babur ya tafi.

Tun ƙarshen damina take haka. Yarinyar da ke kai ƙwaryar nono kasuwa tana waƙa, yanzu saniya ɗaya in ta tatsa sai ta zauna tana haki. Abinci ya fita ranta, sai ta ɓuya tana cin farar ƙasa. Hawaye kuma su zubo ba wanda ya taɓa ta. Inna ta yi mata hayaƙi, ta karɓo rubutu, duk a banza.

Aminatu, ɗiyar kawun Gazali, ta daɗe tana son sa. Ita ta bi gidaje tana raɗa cewa irin ciwon nan ne da ba a faɗar sunansa. Ba a yi nisa ba uwar Gazali, Fadimatu, ta aiko a dakatar da maganar aurensa da Nasiba.

Nasiba ko kuka ba ta yi ba. Abin da ya fi ba ta tsoro ke nan.

Ranar kasuwa, Zipora, mai sayen nono wurinta tun suna yara, ta ja fatar idonta ta ga ta yi fari fat. Ta ce wannan ba aikin iska ba ne, ta tafi Tasawa a gwada jininta. Nasiba ta ƙi. In maganar Aminatu ta tabbata fa? Sai da ta faɗi a bakin rijiya, guga na hannunta, sannan mahaifinta Giɗaɗo ya sa ta a mota.

A asibitin Tasawa, likita ta ce babu ciwon da ake raɗa. Jini ne ya yi ƙasa ƙwarai, shi ya kawo kasalar, kuma yana iya jawo ƙuncin ran. Sai an yi mata ƙari, kuma dangi ne za su bayar. Aka duba Inna, ita ma nata bai isa ba. Giɗaɗo kuwa ya tsufa.

Zipora ta kira Gazali.

Uwarsa ta tare ƙofa ta ce ba da yawunta ba. Ya durƙusa ya ba ta haƙuri, ya wuce.

Jininsa bai dace da na Nasiba ba. Aka ce za a sa mata na wani, a ajiye nasa madadi. Ya miƙa hannu yana cika baki, amma da ya ga allurar sai ya sulale ƙasa. Da Zipora ta ba ta labari, Nasiba ta yi dariya, 'yar kaɗan, mai rauni. Inna ta juya baya tana share ido.

Bayan an ɗebi jininsa, Gazali ya shigo kansa a sunkuye.

"Ki yafe mini, Nasibata. Na zaci wani kika samu."

"Ni ma na zaci na daina son ka," ta ce a hankali. "Ka bar ni ni kaɗai da wannan tunanin, Gazali."

Bai kare kansa ba. Ya zauna a ƙasa gefen gadon har ta yi barci.

Sauƙin bai zo da sauri ba. Likitar ta ce sai ta daɗe tana shan ƙwayoyi, in ƙuncin bai tafi ba ta dawo a sake dubawa. Aure kuwa sai bayan babbar salla aka ɗaura, Aminatu ba ta zo ba.

Amma abin da Nasiba ta fi tunawa shi ne safiyar da za a sallame ta. Fadimatu ce ta shigo, ƙurar hanya a mayafinta, riƙe da kwano. Ba ta nemi gafara ba, ba ta ma iya haɗa ido da Inna ba. Ta buɗe kwanon, hanta ce da zogale.

"Tashi ki ci, ɗiyata."

Ta tsaya a kanta har ta cinye.