Bokitin Ajin Ƙanana

Ƙarfe goma na safe aka bugo wa Insifekta waya daga wata makarantar rainon yara. Yara biyu da malamarsu sun faɗi a aji, numfashi na neman gagararsu, an kwashe su zuwa asibiti.

Kafin ya iso har an gama shari'a a bakin ƙofa. Iyaye sun kewaye wata mata siririya, kowa na zuba mata baƙar magana, Sajan ɗinsa da ya riga shi zuwa ya tsaya a gabanta yana kare ta. Ita ce ake kira Maman Lemo, mai haɗa ruwan goge-goge a gida tana kawo wa makarantar.

"Guba ta sayar mana," in ji Shugabar makaranta. "Da ruwanta aka goge ajin da safe."

Insifekta mutum ne da ba ya son a yanke masa hukunci kafin ya zauna. Duk da haka ya sa Sajan ya kai matar ofis, don in ta ƙara minti biyar a wurin sai an taɓa lafiyarta.

Ya shiga ajin da hankici a hanci. An buɗe tagogi, amma warin na nan, mai yaji, har idonsa ya kawo ruwa. Ya ɗauki jarkar da ke bayan ƙofa ya shinshina. Ƙamshin lemo ne da tsamin khal, wato binega, ba wani abu. Da ya sunkuya kan bokitin goge ƙasa kuwa sai da ya ja da baya yana tari. Har da warin bilic a ciki, ruwan wankin nan mai cin launin tufafi.

"Akwai bilic a makarantar nan?"

"Ko ɗigo," in ji Shugaba. "Wata shida ke nan da na hana."

Ya tafi da jarkar ofis, ya tarar da Maman Lemo a bayan kantar 'yan sanda, ta haɗa kai da gwiwa.

"Me kike zubawa a ruwan nan?"

"Khal ne, ranka ya daɗe, da ɓawon lemo da nake jiƙawa sati biyu, sai ruwa da ɗan gishiri. 'Yata ce ke da asma, na kanti ke tayar mata, shi ya sa na koyi haɗawa." Ta ɗago kai ta dube shi. "Yanzu haka tana gida ita kaɗai."

"Bilic fa?"

"Haba, yallaɓai. Bilic da khal ai ba sa haɗuwa, hayaƙinsu kisa yake. Na rubuta a jikin kowace jarka. Ka ba ni ita in sha a gabanka."

Kafin ya hana ta ta tsiyaya a murfi ta kurɓa, ta yamutsa fuska don tsami, ta zauna daram. Sajan ya riƙe baki. Tausayinta ya kama Insifekta, amma tausayi ba hujja ba ne, sai ya koma makarantar tare da Sajan.

Bai nemi izinin kowa ba ya shiga bayin ofishin Shugaba. A bayan ƙofa ga kwalbar bilic, saura rabi.

"To, Malama, ɗigon da babu ne wannan?"

Kunya ta rufe ta. "Na bayina ne kawai. Na ji tsoron iyaye su ji."

"Wa ke wanke bayin?"

"Baba Mai Shara."

Dattijon yana zaune a gindin famfo yana matse tsumma. Shekara ashirin yana goge makarantar, yara ma Kaka suke ce masa.

"Baba, kai ka goge ajin ƙanana?"

"Ni ne, ɗana. Ruwan matar nan kaɗai na zuba, Allah shaida."

"Ba ka taɓa bilic ba yau?"

"Rabona da shi tun da aka hana."

Insifekta ya tsuguna kamar mai ɗaure takalmi, ya kama bakin wandon dattijon. Shuɗin wandon aiki ne, ƙafarsa duk ɗige-ɗigen fari, wasu ma da danshinsu.

"Baba, lemo ba ya cin launin tufafi. Khal ma haka."

Tsumman ya suɓuce daga hannun dattijon. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Jiya wani yaro ya yi amai a ajin. Ni kuma tun tasowata, in abu bai yi warin da ke sa hawaye ba, ban yarda ya kashe cuta ba. Wannan nata ƙamshi kawai yake. Sai na ce bari in ƙara masa ƙarfi, na rufe tagogi don ya kama sosai. Don yaran na yi, wallahi."

"Rubutun jikin jarka fa?"

"Ban iya karatu ba, kuma ban taɓa gaya wa kowa ba."

"Wannan na ji. Amma kana tsaye aka zage ta, aka tafi da ita, ka yi gum."

Dattijon ya fashe da kuka. "Tsoro ne ya kama ni."

Ana cikin haka aka bugo daga asibiti. Yaran sun farfaɗo har ɗaya na rigimar a ba shi takalminsa, malamar ma ta tashi zaune. Insifekta ya sauke ajiyar zuciya, ya ji kamar an ɗauke masa buhu daga ka. Ya ce wa Sajan ya bar ankwa a aljihu, ya riƙe hannun Baba kawai zuwa mota.

Da kansa ya fito da Maman Lemo, kuma bai kai ta gida kai tsaye ba. Ya tsaya da ita a ƙofar makaranta daidai lokacin tashi, iyaye sun cika wurin.

"Ku saurara," ya ce da ƙarfi. "Ruwan matar nan lafiyarsa ƙalau. Bilic aka zuba a kansa, wanda ya zuba kuma yana hannunmu. A nan kuka zage ta, a nan nake so ku ji."

Maman Lemo ta zauna a kan dakali tana hawayen daɗi. Matar da ta fi kowa ɗaga murya da safe ce ta fara matsowa, ta durƙusa a gabanta.

"Yaya, ki yafe mini."

"Na yafe," in ji Maman Lemo, tana share fuska da bakin mayafi. "Yallaɓai, don Allah a kai ni gida, 'yata ba ta ci komai ba tun safe."