Guntun Salatif a Bayan Waya

Ranar da ta fara shiga shagonsa ba ta yarda ta zauna ba. Wayarta ce ta faɗi a matakalar makarantar da take koyarwa, gilashin ya tsage gida uku, aka kwatanta mata wani mai gyara a ƙarshen layin masu sayar da caja, wanda kowa ke kira Injiniya.

Ya nuna mata benci, ta ce tsayuwar ta fi mata. Ta tsaya a kansa tana bin hannunsa da ido, domin an gaya mata masu gyaran waya na cire kaya mai kyau su mayar da na banza, su kuma leƙa saƙonnin mutane. Dama ita ce malamar da ta yi suna wajen kama masu satar amsa a jarrabawa, ko tari ɗalibi ya yi sai ta duba hannun rigarsa.

Injiniya yana da wata ɗabi'a. Kansa ba ya riƙe suna, fuska ma kwana biyu ta ɓace masa, don haka duk wayar da aka kawo sai ya manna mata farin salatif a baya, ya rubuta kwanan wata, da lambobi huɗu na ƙarshen lambar jikin wayar, da kamannin wanda ya kawo. Akwai “Mai jar hula,” akwai “Dogo mai tsaki.”

Da ya miƙo mata wayarta, ta juya bayanta ta ga ya rubuta “Sufeto.”

“Ni ce Sufeto?”

“Ranki ya daɗe, awa guda kina tsaye a kaina. Ko numfashi sai da na nemi izini.”

Ta so ta haɗe rai, dariya ta ƙwace mata. Bayan kwana uku ta dawo wai sautin wayar ya ragu. Sautin lafiyarsa ƙalau, shi ma ya sani, amma ya ɗauki rabin awa yana dubawa. Kafin ta isa gida saƙonsa ya riga ta: “Sufeto, na duba wayarki ban ga ciwo ba. Mai gyaran ne ba shi da lafiya tun ranar da kika zo.”

Ta amsa masa: “Za a bincika. Kada ka bar gari.”

Wata shida suna haka, kafin maganar ta kai kunnen Baba. Baba ya yi ritaya daga gidan waya, kuma a wurinsa ta gaji zargi. Ya ce shi bai yarda da sana'ar da kaya ke shigowa hannun mutum ba tare da takarda ba. Ga ɗan abokinsa, manaja a wani gidan mai, yaro mai ofis da kujera, me ya fi wannan? Bai ce dole ba, amma kullum sai ya sako zancen Manaja, shi kuwa Manaja ya mayar da gaishe da Baba aikin yi. Har shagon Baba ya je a ɓoye da tsohuwar wayarsa don ya ga kamun ludayin yaron, ya dawo ya ce wa Umma ladabinsa ya yi yawa, akwai abin da yake ɓoyewa.

Wata ranar Laraba da ta taso daga makaranta, Injiniya ya bar mata shago ya je sayo wani ƙarfe. Tana zaune tana karanta bayan wayoyi don nishaɗi, sai idonta ya faɗa kan wata baƙar waya mai tsada: “Kyakkyawa mai tabo a haɓa.” Nan take ranta ya ɓaci. Ita Sufeto, wata kuma Kyakkyawa? Ta sa farce ta ɓare salatif ɗin da ƙarfi har gefensa ya yage, ta manna shi a cikin rigar wayarta, da niyyar ranar da zai yi mata daɗin baki ta zaro masa shaida. Da ya dawo ta ce kanta ke ciwo, ta tafi.

Washegari da hantsi 'yan sanda suka zo. Ashe wata baƙar waya da ya gyara ya kunna, har aka bi sawunta zuwa shagon, tana cikin kayan da aka sace daga ɗakin wata mai shagon yadi, tare da sarƙoƙinta na zinare. Aka kwashe wayoyin shagon duka, aka tafi da shi da ankwa a gaban maƙwabtan da yake gyara wa caja kyauta.

Sati uku ya yi a tsare kafin a ba da belinsa. Ya fito ya rame, shago a rufe, waɗanda ke yi masa kirari jiya sun fara cewa dama sun lura. Baba ya ce wa Umma ai ya faɗa. Ya kuma kafa wa 'yarsa doka, ba shago, ba kotu.

Manaja ne ke kawo labarin shari'ar, kuma kullum da ɗan gishirinsa. Ranar da aka yi ruwa ya rage mata hanya daga makaranta, ya bi da ita ta gaban layin masu caja a hankali kamar mai tallan motar. Injiniya na tsaye a bakin rufaffen shagonsa, ya gan su.

Tun daga ranar saƙonninsa suka bushe. Ta rubuta: “Injiniyana, ka gaya min gaskiya ko da ɗaci. Ka san wayar ta sata ce?”

Ya amsa: “Ke ma tambayata kike yi? Ni ma ina da tambaya, amma na haɗiye ta.”

Ta karanta ya fi sau ashirin. Wace tambaya? Ta fara auna duk abin da ya taɓa faɗa mata, tana neman inda ƙarya ta ɓuya, irin yadda take bin takardar ɗalibi. Ba ta sami komai ba, kuma rashin samun bai kwantar mata da hankali ba. Tana sonsa, tana zarginsa, abin yana cinta.

Sau huɗu ana ɗage shari'ar. Duk ranar zama yakan goge farar rigarsa guda, ya zauna a bencin kotu tun safe, a kira shi minti biyar a ce a dawo wata mai zuwa. Lauyansa ya gaya masa ƙiri-ƙiri cewa idan aka same shi da laifi, shekaru zai yi a gidan yari.

A zama na biyar ta kasa haƙuri. Ta roƙi wata malama ta riƙe mata aji, ta shiga kotun ta zauna a layin baya. Can gaba ta hango ƙeyar Baba kusa da Manaja, ashe Baban da ya hana ta zuwa bai taɓa fashin zama ba.

Mai gabatar da ƙara ya sa aka jera wayoyin a kan tebur. Ya ce wanda ake tuhuma ya rantse wata mata ce ta kawo wayar, amma ya kasa faɗin ko da kamanninta. Kuma shi wanda ake tuhumar ya faɗa da bakinsa cewa ba ya karɓar waya bai manna mata takarda ba. To ga wayoyi talatin da ɗaya, talatin da rubutu a bayansu, ɗaya ce tak babu, ita ce ta satar. Me hakan ke nufi, in ba cewa wannan ba ta mai gyara ba ce, tasa ce ya saya a hannun ɓarayi?

Ya ɗaga baƙar wayar sama, ya tambayi Injiniya ko akwai wanda ya taɓa zama masa a shago shi kaɗai.

Injiniya ya ce, “Ba ni da wanda zan ambata, ya mai shari'a.”

Daga layin baya ta zare rigar wayarta, ga salatif ɗin nan a manne, wata biyar yana yawo da ita a jaka. Ba ta taɓa kawo wa ranta cewa cikin wayoyi talatin da ɗaya, wadda ta taɓa ce ta satar ba.

Da aka tafi hutun rabin awa ta tare shi a baranda. Ta nuna masa ba tare da ta iya haɗa ido da shi ba.

“Na san ke kika cire,” ya ce a hankali. “Dalili ne ban sani ba. Da na gan ki a motar Manaja, har na fara tunanin ko sa ki aka yi.”

“Kana zargina, kuma ka ƙi faɗin sunana?”

“Da na faɗa, da tare za a rufe mu. Na kwana a tsare, Sufeto. Ko da gangan kika yi, ba zan iya kai ki can ba.”

Hawaye suka zubo mata. Ta ce ba wanda ya sa ta, kishi ne kawai, don ya kira wata kyakkyawa. Ya dube ta kamar zai yi dariya kamar zai yi kuka, ya ce wata biyar yana neman makirci, ashe kalma ɗaya ce.

Lauya ya gargaɗe ta cewa za a yi mata tambayoyi masu zafi, ana ma iya cewa da ita aka haɗa baki. Ta ce a kira ta.

A gaban alƙali, a gaban Baba da ya juyo yana kallonta baki buɗe, ta faɗi komai. Mai gabatar da ƙara ya tambaye ta ko son wanda ake tuhuma take yi, ta ce ƙwarai. Ya ce to ai shi ke nan, masoyi ya rubuta takarda jiya, masoyiya ta kawo yau. Ta ce ita malama ce, ta san takardar da aka rubuta jiya, amma kada a yarda da ita, a duba bayan wayar, don lokacin da ta ɓare gefensa ya yage.

Magatakarda ya juya wayar. A can ƙasa kusa da wurin caja akwai ɗan guntun farin salatif da ba wanda ya kula da shi, da rabin lamba a jikinsa. Aka ɗora nata a kai, yagewar ta haɗu, lambar ta cika, lambobi huɗun suka dace da na jikin wayar. Ita kuwa wayar tun ranar kamu tana hannun hukuma.

Alƙali ya sa aka karanta rubutun da ƙarfi. Da aka zo “mai tabo a haɓa,” mai shagon yadi ta dafe ƙirji ta sunkuyar da kai. Sai da aka tambaye ta sau biyu kafin ta ce ƙanwar mijinta na da irin wannan tabo, kuma tana da makullin ɗakin.

Bayan sati biyu kotu ta wanke Injiniya ta sallame shi. Manaja bai zo wannan zaman ba, gaisuwar Baba ma ta yi sauƙi daga ranar.

Baba ya kwana uku bai yi mata maganar ba. A na huɗu ya aika a kira Injiniya. Ya ce shi duk zaman da aka yi yana nan, yana jiran ranar da yaron zai jefa wani a wuta don ya tsira, sai ga shi 'yarsa ce aka rufa wa asiri. Sannan ya gyara zama ya ce saura tambaya ɗaya: ranar da ya kawo tsohuwar wayarsa, me aka rubuta a bayanta, don ya ga an yi saurin cirewa?

Injiniya ya sosa ƙeya ya ce, “Baba, a yi min afuwa, fuska takan ɓace min amma wannan ban manta ba. ‘Dattijo mai harara.’”

Umma ta fashe da dariya daga bayan labule. Baba ya harare shi, sai ya tuna, shi ma ya dara. Ya ce ya turo manyansa.

Wata biyu bayan nan aka ɗaura aure. Da za a tafi da ita, Baba ya dafa kanta ya ce, “Na ba shi ke da zuciya ɗaya. Abin da kika gani ki tambaya, kada ki ɓoye a jaka. Allah Ya yi muku albarka, Ya raba ku da zargi, Ya ba ku zuri'a ta gari.” Umma na share ido tana amsawa da amin.

Da safe a sabon ɗakinta ta ɗauki wayarta, ta ji wani abu a bayanta. Farin salatif ne, da rubutun nan nasa mai karkata: “Sufeto, kyakkyawa. An karɓa ranar Asabar. Ba za a mayar ba.”

Yana tsaye a bakin ƙofa yana jiran hukunci. Ta karanta sau biyu, ta ce bincike ya nuna rubutun gaskiya ne, sannan ta sa babban yatsa ta danne gefen salatif ɗin sosai don kada ya ɗago.